Gizo da gauraki: su ma gaurakin suna da laifi

Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Jigawa, in dai ya taɓa kwana a ɗakin kaka, da wuya a ce bai ji tatsuniyar Gizo da gauraki ba. A wasu garuruwan hankaki ake cewa, a wasu kuma tsuntsaye kawai, amma gangar jikin labarin ɗaya ce. A ganina babu tatsuniyar da ta kai ta fito da abin da ake nufi da abota, kuma babu wadda muke yi wa gurguwar fahimta kamarta. Mukan yi wa yara ita, su sha dariya, a ce ƙurunƙus, kowa ya nemi makwanci. Abin da ke cikinta kuwa ya isa dattawa su zauna a kansa.

Ga yadda aka yi mana ita. Ana cikin yunwa, rumbuna sun ƙare. Gauraki suna da wani ɓaure a tsakiyar kogi, inda ba mai iya zuwa sai mai fiffike. Kullum da asuba su tashi su je su ci su ƙoshi, su ɗebo wa 'ya'yansu. Rannan ɓaure guda ya suɓuce wa ɗaya ya faɗo a ƙofar gidan Gizo. Da ya ɗanɗana, sai ya nufi gidansu da sunan ɗibar wuta. A ba shi wuta a haɗa masa da ɗan ɓaure, ya fita ya kashe wutar, ya dawo ya ce ta mutu a hanya. Har dai suka gane ba wuta ce ta kawo shi ba, suka ce, to Gizo, gobe da asuba ka zo mu tafi tare. Gizo ya kasa barci, tsakar dare ya je ya tayar da zakaru su yi cara don a ce gari ya waye. Da lokaci ya yi, kowace gauraka ta cire gashi ɗaya daga jikinta ta liƙa masa, har ya sami fukafukai ya tashi sama tare da su.

Da aka sauka kan ɓaure sai hali ya fito. Duk wadda ta nufi nunanne, sai Gizo ya daka mata tsawa: "Kul! Ni na riga ki ganinsa." Ya ci ya ƙoshi, ya cika jaka, su kuwa sai ɗanye. Ba wadda ta ce masa uffan. Suka bari sai da barci ya kwashe shi, kowace ta zare gashinta, suka yi tafiyarsu. Ya farka ya yi tsalle zai tashi, sai ji kake tsulum cikin ruwa. Can ƙasa ya faɗa gidan kada, ya fashe da kuka ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana yaro. Aka karɓe shi hannu biyu, aka sauke shi a ɗakin da ƙwai yake. Ya cinye ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka ƙetarar da shi gaɓa kafin asiri ya tonu.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi, gauraki ba ɓaure suka ba Gizo ba. Ɓaure sun ba shi tun ranar ɗibar wuta, wannan kyauta ce, kuma kyauta ana yi wa kowa, har almajirin da ba ka san garinsu ba. Abin da suka ba shi da asuba ya wuce haka. Sun cire daga jikinsu, sun nuna masa wurin da suke rufa wa kansu asiri a shekarar yunwa, sun ba shi abin da zai kai kansa can. Aro ne, shi kuwa aro ba a ba da shi sai ga wanda aka yarda da shi.

Mutumin birni zai iya ɗaukar wannan a matsayin labarin yara. Mu a ƙauye da irin wannan aron muke rayuwa. Ruwa ya sauka, ba ka da shanun huɗa, wani ya gama gonarsa ya turo maka yaronsa da shanu da garma. Irinka bai fito ba, wani ya auno maka tiya biyu ya ce sai kaka. Haihuwa ta zo wa iyalinka cikin dare, ka buga ƙofar mai babur, ya miƙo makulli ko ya ce tsaya in sa riga. Mai injin ban ruwa ya bar maka shi kwana biyu don albasarka ta sha. Babu takarda, babu shaida. Sannan ga ci-rani, wanda a nan ne tatsuniyar ta fi zama daidai. Saurayin da ya fara sauka Legas ko Fatakwal ko Abuja ba da wayonsa ya je ba. Akwai wanda ya ara masa kuɗin mota, akwai wanda ya tarbe shi a tasha, ya raba tabarma da shi, ya kai shi wurin mai babur ko mai kurar ruwa ya ce, "Wannan ɗan garinmu ne, ni na tsaya masa." Wannan kalma ta "na tsaya masa" ta fi kuɗin motar tsada, domin mutum sunansa ya cire ya liƙa wa wani.

Mun ga ƙarfin wannan a farkon 2023, bayan Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta ɓace. A ƙauyukan da ba banki, sabis ma sai an hau tudu, mutum yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na cefane. Ba wata hukuma ce ta ciyar da mutane a makonnin nan ba. Mai shago ne da littafin bashinsa, da mai nama, da mai niƙa, da maƙwabciyar da ta miƙo kwanon gari ta katanga. Haka a ambaliyar 2022, da kogin Haɗeja ya ci gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da sauran wurare. Kafin wani taimako ya iso daga Dutse, samari ne suka kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa, kuma gidajen abokan arziki ne suka ɗauki iyalan da ɗakunansu suka rushe.

Saboda haka laifin Gizo ba ƙarami ba ne, kuma ba haɗama kaɗai ba ce. Yunwa takan sa mutum haɗama, wannan ana iya yi masa uzuri. Babban laifinsa mantuwa. "Ni na riga ki ganinsa." Da fiffiken wa ka zo har ka gani? Yana tsaye kan reshe, gashin mutane na jikinsa, yana hana masu gashin ci. Kowa a cikinmu ya san mai irin wannan hali. Wanda abokai suka yi masa yawon kamfen a kan baburansu da man aljihunsu, ya zama kansila, ya canza lamba. Wanda aka tsaya masa a Legas, ya sayar da babur ɗin mutane ya gudo, ya bar wanda ya tsaya masa da biya. Matar da ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasar farko saboda bikin 'yarta, ta kwasa, zubi ya gagara. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa kan wanda aka cuta. Gobe wani yaron kirki zai nemi a tsaya masa, a ce a'a, an sha mu mun warke. Ina ganin wannan yana cikin abin da ya raunana gayya a garuruwa da yawa. Gaskiya ne kuɗi ya shigo, ƙwadago ya maye gurbinta, amma akwai kuma waɗanda aka nome musu gona, ranar ta wani suka ce ba su da lafiya, har mutane suka gaji.

Har nan babu mai musu da ni. Inda nake sa ran za a yi musu shi ne nan: su ma gauraki sun ci amanar abota, kuma laifinsu shi ne wanda ya fi yawa a cikinmu.

A sake duba labarin. Tun daga ranar ɗibar wuta sun san Gizo ƙarya yake yi, ba su ce komai ba. Ya tayar da gari tsakar dare, ba su ce komai ba. A kan ɓaure ya yi ta hana su ci tun safe, babu ko ɗaya da ta dube shi ta ce, "Gizo, ka ji tsoron Allah, mu muka kawo ka, abin nan ya ishe mu duka." Suka haɗiye, suka yi ta ƙunci a ciki, suka haɗa baki a bayan idonsa, sannan suka jira ya yi barci. Hukuncin da suka yanke masa kuma ba na wasa ba ne. Barin wanda ba ya tashi kuma ba ya iyo a tsakiyar kogi, ai kisa ne, Allah ne dai bai karɓi ransa ba. Daga shiru suka tsallaka zuwa mafi tsananin hukunci, ba su tsaya a tsakiya ba, inda magana take.

Wannan halin namu ne, mu faɗa wa kanmu gaskiya. An rene mu da kunya da kara da kawaici, kuma abubuwa ne masu kyau, su suka sa ake iya zama gida ɗaya da mutum talatin ba a kai ruwa rana ba. Amma mun mayar da su mafaka. Abokinka ya fara abin da bai dace ba, kowa a majalisa ya sani, ana maganar da zarar ya tashi, in ya dawo a ce sannu da zuwa a miƙa masa shayi. Ba mai son a ce shi ne ya faɗa. Ana nan ana nan, sai ranar da abin ya kai maƙura, a wayi gari kowa ya janye. Ba a amsa sallamarsa da sakin fuska, ba a gaya masa ɗaurin aure, in ya zo aro a ce wani ya riga shi. Shi kuma sau da yawa bai ma san takamaiman ranar da ya rasa mutanensa ba. Muna kiran wannan haƙuri. Ni ban ga haƙuri a ciki ba, tsoron ɓacin rai na gani, da son a ce mu mutanen kirki ne.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce addini nasiha ne. Ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da sahabbai suka tambaya yadda za a taimaki azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin. Ya kuma hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. In aka jera waɗannan, sai a ga gauraki sun bar abin da aka yi umarni da shi, sun aikata wanda aka hana.

Na ga yadda ake yin sa daidai, kuma ba wurin wani malami na gani ba. Wasu dattawa biyu ne a unguwarmu, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi ci-rani, kowanne shi ne babban abokin ɗayan ranar aure. Ɗaya ya karɓi kuɗin wata bazawara zai sayo mata tunkiya a kasuwar Gujungu, Lahadi ta wuce, wata ta wuce, ba tunkiya ba kuɗi. Magana ta fara zagaya gari. Abokin bai tanka a majalisa ba. Bayan sallar isha ya je ya yi sallama, suka zauna a zaure, ina daga gefe ina jiran ɗan gidan. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kuɗin yarinyar nan fa? Marayu gare ta. In wani abu ne ya taso ka gaya mini, ni ba baƙonka ba ne." Dattijon nan ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba, sannan ya ce ciwon matarsa ne ya cinye, kunya ta hana shi faɗa. Abokin ya ce, "To ai da ka faɗa. Ina da buhun gero, gobe a kai kasuwa a ba ta haƙƙinta, kai kuma ka biya ni da kaka. Amma kada ka ƙara karɓar kuɗin mutane in kana cikin matsi." Ya faɗi mai ɗacin, ya kuma sa hannu a aljihu, duk a zama ɗaya. Da ya yi shiru irin na gauraki, da yau ana kiran mutumin nan maci amana, alhali ciwo ne da kunya suka haɗu masa.

Na san abin da za a ce. Za a ce Gizo ba ya jin magana, hali zanen dutse ne, ko an faɗa masa ba zai daina ba. Wataƙila haka ne. Amma ba a san mai jin magana ba sai an yi masa ita, kuma a cikin mutum goma da muka yanke wa hukuncin Gizo, da yawansu irin dattijon can ne. Za a kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma hadisi ya kwatanta mugun aboki da mai zuga wutar maƙera, in bai ƙona maka tufa ba ka shaƙi wari. Wannan ma gaskiya ne, ban ce a dawwama da mai cutarwa ba. Akwai abotar da rabuwa ce maganinta, kuma ina gaya wa 'ya'yana haka. Abin da nake cewa, rabuwa ma tana da ladabi. Gauraki suna da ikon karɓe gashinsu, nasu ne. Da sun faɗa masa laifinsa, suka dawo da shi tudu, sannan kowace ta zare nata ta ce daga yau ba ma tafiya da kai, da ba wanda zai zarge su.

Sannan a tambaya, wa ya biya kuɗin shirun nasu? Ba su ba, sun koma gida lafiya. Ba Gizo ba, ya fita da cikinsa cike. Kada ce, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta karɓi baƙo da zuciya ɗaya ta rasa 'ya'yanta tun suna cikin ƙwai. Wannan sashen na tatsuniyar shi ya fi taɓa ni, domin shi nake gani a garuruwanmu. Yaro ya fara shaye-shaye, abokansa na kirki ba su yi masa faɗa ba, ba su gaya wa yayansa ba, sai kawai suka daina zama da shi. To ba zai zauna shi kaɗai ba. Zai sami waɗanda za su karɓe shi, a bayan makaranta ko a tasha, daga nan sai ɗan siyasa ya same su a shirye lokacin zaɓe. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta zama da yaro a dandali, abokinsa ne ke zama da shi, shi ya fara ganin ranar da idonsa ya canza. Wanda aka yasar ba ɓacewa yake yi ba, gidan wani yake faɗawa, akuyar wata tsohuwa ce za ta ɓata, ko 'yar wani ce za a aura masa a ce aure zai gyara shi.

A ɓangaren mata ma haka abin yake, ko ma ya fi. Ƙawance a ƙauye ba abin wasa ba ne, tun daga dandali har ɗakin miji, ƙawa ce ke riƙe sirri, ita ke tsayawa ranar biki da ranar suna. Amma sau nawa ƙawa take ganin 'yar'uwarta na cin bashin da ya fi ƙarfinta don a yi kayan ɗaki na kece raini, ta yi shiru, har ta taya ta zaɓen kwanuka, sannan in masu bashi sun zo ta ce dama ta san za a rina? Wadda ta ce mata "ki rage, ba za ki iya ba" ita ake kira mai baƙin ciki, kuma tsoron wannan sunan ne yake rufe bakin masu gaskiya.

Shi ya sa nake ganin yadda muke yi wa yara tatsuniyar nan yana bukatar gyara, in ma muna yi musu ita. Yawancin yaran yanzu ba su taɓa ganin gauraka da idonsu ba, tsuntsuwar ta yi ƙaranci ƙwarai har a fadamun Haɗeja da Nguru inda a da ake ganinta, kuma wayar hannu ta karɓe lokacin da kaka take da shi bayan isha. Amma inda ake yi, yara Gizo suke so. Dole su so shi, shi ne mai ban dariya, shi ne mai tsamin baki, shi ne kullum yake tsira. In aka tsaya a ƙurunƙus, darasin da yaro zai kwana da shi shi ne mai wayo ba ya asara. In an matsa a ce masa kada ka zama mai haɗama, wanda shi ma rabin magana ne. Ni da iyaye da malaman firamare masu koyar da Hausa za su ji tawa, da bayan an gama sai a tambayi yaran: da kai ne gauraka, me za ka ce wa Gizo a kan reshen nan? Wa ya kamata ya fara magana? Me kada ta yi aka cinye mata ƙwai? Yaro ɗan aji uku zai iya amsa waɗannan, kuma in ya saba furta "abin da ka yi bai dace ba" ga Gizo, zai fi samun bakin furta ta ga abokinsa ranar da ya ga ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Mu manya kuma ba sai mun jira wani ya shirya mana taro ba. Kaka tana zuwa, lokacin da ake biyan bashin iri da na taki da na gero. A kowane gari akwai wanda ba zai biya a kan lokaci ba, kuma akwai wanda ya riga ya ƙudurta a ransa cewa ba zai ce masa komai ba, amma baɗi ko ƙwaya ɗaya ba zai sake ba shi ba. Da wannan mutumin nake. Kada ka aika yaro, kada ka faɗa a majalisa, kada ka kai wa mai unguwa tun ba ku zauna ba. Ka je da ƙafarka bayan isha, ka tambaye shi abin da ya faru, ka saurara har ya gama. In uzuri ne ka ɗaga masa zuwa ranar kasuwa ko zuwa lokacin da zai ɗebe rani. In kuma ka ga rainin hankali ne, ka gaya masa a fuskarsa cewa ya ci amanarka, kuma ba za ka ƙara ba shi ba sai ya gyara, don ya san dalili tun yanzu, ya kuma san abin da zai yi in yana son a koma kamar da.